Rubutun Da Ya Fice Daga Gilashin Waya

Jawabin da aka yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Kafin Hausa

Iyayena dattawa, 'yan'uwana maza da mata, da malaman aji, ina gaishe ku da ƙoƙari. Na san a cikinku akwai wanda ya baro gona, akwai wanda ya baro koma a bakin ruwa, akwai kuma wadda ta sauke tukunya ta taho. Mutanen Bulangu, da na Sarawa, da na Jabo, da na Ruba, sannunku da tafiya. Allah ya sa wannan zama ya amfane mu duka.

Sa'ad da aka fara Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, cikin shekarun 1950, ƙasar Haɗeja tana cikin Lardin Kano. A lokacin nan abin da ɗan aji ke marmari shi ne ya iya karanta takardar haraji, da wasiƙar ɗansa, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939. Duk waɗannan a kan takarda suke. Takarda kuwa gefe huɗu gare ta, kuma mai ɗab'i ya riga ya auna rubutunsa ya zauna daidai a tsakiya. In ka kama layi, sai ka bi shi har ƙarshe, babu abin da ya ɓuya maka.

Yau abin ya ƙaru. Tun daga 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, karatu ya koma aljihu. Saƙon banki a waya yake zuwa, sanarwar taki a waya, sakamakon jarrabawar yaro a waya, labarin ruwa ma a waya. To, waya tana da wata ɗabi'a wadda takarda ba ta da ita. Wani lokaci sai ka buɗe shafi ka ga layi ya miƙe ya kai bakin gilashi, ya wuce, ba ka ga ƙarshensa ba. Kalma ta rabu biyu, rabi a fili, rabi ya shige. A kan wannan zan yi muku magana yau: abin da ke kawo shi, da hatsarin da ke cikinsa, da maganinsa.

Da farko ina so ku kwantar da hankalinku. Sabon mai karatu in ya ga haka yakan ce a ransa, ai karatun ne bai zauna ba, ko kuwa idona ne ya yi rauni. Sai ya ji kunya ya mayar da waya aljihu. Kada ku yi haka. Ko malamin jami'a in ya buɗe wannan shafi, rabin layi zai gani kamar yadda kuka gani. Laifin shafin ne, ko na yadda aka saita wayar, kuma yana da magani.

Hatsarin rabin layi

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda bai iya karatu ba sam yakan je ya tambaya. Amma wanda ya karanta rabin layi yana tsammani ya sani, sai ya tashi ya yi aiki da rabin magana. Bari in rubuta muku misali uku a allo, ku gani da idonku.

Na ɗaya. A ce an rubuta: Ba za a raba taki ranar Laraba ba. Mutum ya ja shafi da yatsa don ya ga ƙarshen layi, sai "ba" ta farko ta shige ta hagu. Abin da ya rage a gabansa shi ne: za a raba taki ranar Laraba. Ya bar aikin gona, ya biya kuɗin mota, ya je ya tarar da ofis a rufe. Ku lura, a Hausa in za mu kore magana, sau da yawa "ba" biyu muke sawa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kamar turaku biyu da suka riƙe igiya. Gefen layi ne mazauninsu, gefen layi kuwa shi ne ke fara ɓacewa. Haka kuma kalmar "kada". A farkon layi take zama. In ta shige, hani ya koma umarni.

Na biyu. A ce an rubuta kuɗin buhu 25,000. Gilashi ya cinye sifiri ɗaya na ƙarshe, sai ka ga 25,00. Wanda bai kula da waƙafi ba sai ya ce dubu biyu da ɗari biyar. Sifiri ɗaya tak ya ɓace, kuɗi ya ragu sau goma. Lambar waya da lambar asusun banki ma haka suke. Lambar waya a ƙasar nan guda 11 ce, ta asusun banki guda 10. Ku riƙa ƙirgawa. In ba su cika ba, akwai saura a ɓoye.

Na uku. A ce an rubuta: A ba yaro cokali ɗaya sau uku a rana, in ya haura shekara biyar. Gilashi ya tsaya a "rana". Uwa ta ɗauki cokali ta ba jariri. Sharaɗi a ƙarshen magana yake zuwa, kuma sau da yawa shi ne ran maganar. Haka abin yake ga maganin feshi na shinkafa da na riɗi, inda ake faɗin murfi nawa za a zuba a ruwa nawa.

Mu mutanen bakin kogi muna da wani dalili na musamman. Ruwan da ke ratsa ƙasarmu daga nesa yake tasowa. Kogin Kano da kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, kogin Kafin Hausa kuwa reshe ne da ya ɓalle daga gare shi. An gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ta Challawa cikin 1992. Saboda haka ruwa yana iya cika mana fadama alhali sama ba ta zubo a kanmu ba, balle kuma ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Kun ga abin da ya faru cikin 2020, kun ga na 2022, sa'ad da gidaje suka zube a Bulangu, gonaki kuma suka nutse a ƙasar Haɗeja da Auyo da Ringim. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wadda ake kira NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar lura da ruwan koguna, wadda ake kira NIHSA, ita ma takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake tsoron ambaliya a cikinsu. Irin wannan labari jerin sunaye ne da ranaku. In sunan ƙasarku yana ƙarshen layin da ya shige, sai ku kwana da hatsi a rumbun da ke kwari, kuna cewa ba a ambace mu ba.

To, ga doka ta fari, ku riƙe ta da kyau: ba a karanta layi ba sai an ga ƙarshensa. Alamar ƙarshe ita ce aya, watau ɗigo ɗaya. In kun ga ɗigo uku a jere, ma'anarsu akwai saura. Saƙon da ke leƙowa a saman gilashi sa'ad da waya ta yi ƙara, kansa kaɗai ne ya leƙo. Sai an taɓa shi ya buɗe tukuna ake ganin jikinsa.

Me ke kawo wannan?

Shafukan intanet sun girmi wayar da ke hannunku. Wani Bature mutumin Ingila, sunansa Tim Berners-Lee, shi ya ƙago tsarinsu cikin 1989, yana aiki a wata cibiyar bincike kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan. A zamanin nan a kwamfuta kaɗai ake karanta su, fuskar kwamfuta kuwa mai faɗi ce, kamar faifai babba. Masu gina shafi sai suka riƙa auna shi da faɗin kwamfuta, suna kafe shi a kan wannan awo.

Ana auna faɗin gilashi da 'yan ɗigo-ɗigon haske. A awon da shafuka ke bi, faɗin yawancin wayoyinmu wajen ɗigo 360 ne zuwa 400 da 'yan kai. In waya ta gamu da tsohon shafi wanda bai faɗa mata awonsa ba, takan ɗauka faɗinsa 980 ne. Kun ga ya kusa ninka faɗinta sau uku. Abu biyu ne za ta iya yi. Ko ta matse shafin duka ya shiga, rubutu ya koma kamar ƙafar kiyashi, ko kuwa in ka ƙara girmansa ta nuna maka sulusi, sauran ya fice.

Ku ɗauki misali da ruwa da malmalar tuwo. In ka juye ruwa daga ƙwarya zuwa moɗa, ko zuwa gora, sai ya ɗauki siffar mazubin. Malmalar da aka yi don akushi kuwa ba ta shiga moɗa sai ta yi tozo. Shafi mai kyau kamar ruwa yake. In gilashi ƙarami ne, layi ya kai baki sai ya karyo ya sauko ƙasa da kansa. Wani Ba'amurke mai suna Ethan Marcotte ya bayyana wannan dabara cikin 2010, ta bazu a duniya. Cikin 2018 kuma ƙungiyar da ke tsara ƙa'idodin shafukan intanet ta fitar da ƙa'ida cewa ya kamata a iya karanta shafi a faɗin ɗigo 320 ba tare da an yi ta jan sa dama da hagu ba, sai fa abubuwa irin su taswira da jadawali. Amma ba kowane mai gina shafi ne ya bi ba, tsofaffin shafuka kuma suna nan birjik. Ga shi kuma wani lokaci mu da kanmu, ko yaran gida masu wasa da waya, muke taɓa wani wuri mu canja awon.

Waɗanda suka yi karatun allo za su lura da wani abu. Rubutun Arabiyya da Ajami daga dama yake tashi ya nufi hagu. Boko kuwa daga hagu yake tashi ya nufi dama. Saboda haka in rubutun boko ya fice, galibi ta hannun dama za ku neme shi.

Magunguna bakwai

Manhajar da ake buɗe shafi da ita ana ce mata burauza. Wadda ta fi yawa a wayoyinmu ita ce Chrome, mai alamar ƙawanya ja da ɗorawa da kore, da shuɗi a tsakiya. Akwai kuma Opera Mini mai jan harafin O, da Firefox, da Safari a wayar iPhone. Ku bi magungunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ku fara da mai sauƙi. In ya yi, shi ke nan.

1. Ja da yatsa. Ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar gilashi, ka ja shi zuwa hagu a hankali. Abin da ya ɓuya a dama zai fito. Ka karanta ƙarshen layin, sa'an nan ka komo farkonsa kafin ka sauka layi na gaba. Hatsarin wannan shi ne tsallake layi. Saboda haka ka riƙe kalmar farko ta layin a ka, ko ka sa yatsan ɗaya hannun a gefen waya daidai da layin da kake.

2. Tsuke da yatsa biyu. Ɗora babban yatsa da manuni a kan gilashi a ware, ka haɗo su kamar mai ɗibar gishiri. Shafi zai ƙanƙance, gefensa ya shigo. In ka ware su kuma, rubutu ya ƙara girma. Sau da yawa wannan kaɗai ne ciwon: yatsa ya taɓa gilashi sau biyu ba da niyya ba, shafin ya kumbura.

3. Kwantar da waya. Tsawon waya ya ninka faɗinta wajen sau biyu. In ka kwantar da ita a gicciye, tsawon ya zama faɗi, layi ya sami wurin miƙewa. In ka kwantar da ita rubutu bai juya ba, to, an kulle juyawar. Ja yatsa daga saman gilashi zuwa ƙasa, 'yan alamu za su sauko. Nemi alamar waya mai kibiya a kewaye, ko mai ɗan kwaɗo, ka taɓa ta.

4. Duba ko an sa waya ta yi shigar kwamfuta. A Chrome akwai ɗigo uku a tsaye, galibi a kusurwar sama ta hannun dama. Taɓa su, jerin kalmomi zai fito. Nemi layin da aka rubuta Desktop site da Turanci, da ɗan akwati a gabansa. Ma'anarsa, nuna mini shafi irin na kwamfuta. In akwai alamar maki a cikin akwatin, taɓa shi ta fita. Shafin zai sake buɗewa da awon waya.

5. Rage girman rubutu kaɗan. Mu da shekaru suka fara ja, mukan sa yara su ƙara mana girman haruffa, kuma daidai ne. Amma in an ƙara ya wuce kima, wasu shafuka ba su iya ɗauka, sai kalmomi su hau juna ko su fice. A cikin jerin nan na ɗigo uku akwai wurin saiti, a ciki akwai wurin girman rubutu, da wani ɗan layi mai ƙulli da ake ja dama ko hagu. Asalin awon 100 ne. In kun tarar da shi a 150 ko 200, ku komo da shi baya kaɗan kaɗan har layi ya shigo, ku tsaya a inda idonku ke gani ba wahala. Ita wayar kanta ma tana da nata wurin girman haruffa a cikin saitinta, mai alamar ƙafar inji mai haƙora. In na burauza bai yi ba, a duba wancan.

6. Sake buɗe shafin, ko ka canja burauza. A ƙauyukanmu sabis yakan yi rauni. Shafi kuwa kashi-kashi yake isowa: kalmomi daban, hotuna daban, umarnin da ke jera su daban. In kalmomi sun iso umarnin ya maƙale a hanya, sai shafi ya fito a hargitse. Matsa inda sabis ya fi ƙarfi, ka ja shafin ƙasa da yatsa ka saki, zai sake ɗaukowa. Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Norwe ya fitar wa duniya cikin 2006, tana matse shafi kafin ya iso gare ka don ta rage cin data. Wannan taimako ne ga aljihu, amma matsin yakan karya wasu shafuka. In shafi ya ƙi a wannan burauza, gwada shi a waccan. Wasu kuma, kamar Firefox da Safari, suna da ɗan hoton takarda mai layi-layi kusa da wurin adireshi. In ka taɓa shi sai ya kawar da talla da ado, ya bar maka rubutu zalla, a jere daidai faɗin gilashinka.

7. Kwashe rubutun ka kai shi wani wuri. In duk waɗannan sun ƙi, ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka riƙe har ta yi launi. Kunnuwa biyu za su fito a gefenta. Ja su har su rufe abin da kake so, ko ka zaɓi a ɗauka duka, sa'an nan ka kwafa. Buɗe wurin rubuta saƙo, ko WhatsApp, ka riƙe yatsa a wurin rubutu, ka liƙa. A can layi ba ya ficewa, yana kaiwa baki zai karyo. Ka karanta a tsanake, ba sai ka aika wa kowa ba.

Wanda ya je shagon kwamfuta don cika takardar makaranta, ko wanda ɗansa ke Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a garin nan cikin 2013, ga nasa a taƙaice. A danne maɓallin da aka rubuta Ctrl, a buga alamar ɗebewa, shafi ya ragu. A buga alamar tarawa, ya ƙaru. A buga sifiri, ya koma asalinsa.

Abubuwan da ba su karyowa

Akwai iri uku da ba su jin yawancin magungunan nan, don ba kamar ruwa suke ba.

Na farko hoton takarda. In an manna sanarwa a bangon sakatariya, wani ya ɗauki hotonta ya turo, wannan hoto ne, waya ba ta san akwai kalmomi a ciki da za ta karyo ba. Na biyu takardar da ake kira PDF, wadda hukumomi suka fi fitar da rahoto da ita. An yi ta ne don ta zauna yadda aka buga ta, kamar shafin littafi. Na uku jadawali, watau rubutu mai gida-gida, kamar sakamakon jarrabawa ko jerin farashin kaya. Ga waɗannan uku, kwantar da waya, ka ware yatsu, ka bi layi da haƙuri. A jadawali kuwa ka fara karanta kan kowane gida a sama, don ka san wane gida ne na suna, wane ne na rana, wane ne na kuɗi. In abin mai nauyi ne, kamar takardar bashi ko ta gona, biya a buga maka a takarda ka karanta a gida. Kuɗin bugawa bai kai asarar rabin layi ba.

Akwai kuma ciwon da ke jikin gilashin kansa. Wayar da ta faɗi takan yi baƙi a gefe kamar tawada ta zube. Ga yadda za ka gane. Buɗe wurin kira, buɗe wurin saƙo, buɗe wurin hotuna. In ko'ina gefen nan a rufe yake, gilashi ne, sai mai gyara. In shafi ɗaya ne kaɗai ke ficewa, wayarka lafiya lau take, kada ka kashe ko kwabo. In kuwa za ka ba mai gyara ko mai caji wayarka, lambar sirrin banki ba ta cikin abin da ake gyara gilashi da shi. Kada ka faɗa wa kowa ita.

In ku ne masu rubutu

Yanzu kun iya karatu, gobe ku ne za ku rubuta wa wasu. To, abin da ba ku so a yi muku kada ku yi wa wani.

A littafin aji, ku bar fili a gefen hagu da na dama, kamar faɗin yatsa biyu. In kalma ba za ta shiga ba, kada ku matse ta, kada kuma ku hau da ita sama. Ku sauko da ita layi na gaba ɗungum. Wasiƙa takan jiƙe a aljihu, gefenta yakan yage. In kun bar fili, filin ne zai yage, maganarku ta tsira. Lamba kuwa ba a raba ta gida biyu ko kaɗan.

A saƙon waya, ku sa babbar magana a farko. Gaisuwa tana da kyau, amma in ruwa ne ke tahowa, ku fara da cewa ruwa ya karya jinga a wuri kaza, ku kwashe yara da dabbobi. Gaisuwa ta biyo baya. Wanda ya ga kan saƙon kaɗai ma ya sami abin da zai tsira da shi.

Ku sani kuma saƙon tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da filin da ke tsakanin kalmomi. Amma in akwai harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne a ciki, watau ɓ ko ɗ ko ƙ, sai awon ya faɗo zuwa 70. Abin da ya haura sai a raba shi, a caje ku kuɗin saƙo biyu ko uku. Wasu ƙananan wayoyi masu maɓalli kuma ba su san haruffan nan ba, sai su nuna ɗan akwati a wurinsu. Wannan bai sa mu yar da haruffanmu ba, domin baki daban ne da baƙi, kafa daban ce da ƙafa. A aji da wasiƙa ku rubuta su daidai. A tes kuwa ku taƙaita magana, ku tsara ta yadda ko harafi ya ɓace ma'ana ba za ta juye ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, rashin sani ya fi dare duhu, kun kuwa riga kun kunna fitila tun ran da kuka shigo ajin nan. Abin da ya rage shi ne ku haska ta har ƙarshen layi. In kun gwada magungunan nan abin ya ƙi, ku kawo wa malamin aji, ko ɗanku, ko maƙwabci, tambaya ba ta rage girman kowa. Labari mai nauyi kuwa, kamar na ruwa ko na magani, ku haɗa shi da abin da rediyo ya faɗa, da abin da mai unguwa ko malamin asibiti ko malamin gona ya ce. Wanda ya iya a cikinku ya koya wa mutum biyu kafin zama na gaba, mata su koya wa mata a cikin gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Amin. Wassalamu alaikum.

Tambayoyi

1. Mece ce ma'anar ɗigo uku a jere a ƙarshen layi?
2. Don me "ba" da "kada" suka fi sauran kalmomi saurin ɓacewa?
3. Lambar waya guda nawa ce? Ta asusun banki fa?
4. Yaya za ka gane ko gilashi ne ya lalace, ko shafi ne bai zauna ba?
5. Faɗi abubuwa uku waɗanda layinsu ba ya karyowa.

Aikin gida

Rubuta wannan a littafinka, ka bar fili a gefe biyu: Ba zan yi aiki da rabin layi ba. Sa'an nan ka rufe kalmar farko da yatsa, ka karanta wa mutanen gida abin da ya rage, ku ga yadda magana ta juye.